Lambar da Aka Ba Mas'udu 'Yankuzo

Duk wanda ya san Malam Mas'udu 'Yankuzo ya san ba a gama gaisawa da shi. Kana cikin tambayar iyali, shi ƙafarsa ta riga ta kama hanya, sauran gaisuwar sai dai ka ƙarasa ta da ƙeyarsa. Siriri ne, dogo, mai saurin magana, hularsa kullum a karkace don ba ya tsayawa ya gyara ta. Ya ba arba'in baya da 'yan shekaru. Matarsa Luba ta sha faɗa a gaban mutane cewa tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganin ya gama cin tuwo a inda ya fara shi ba.

A 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe aka haife shi, gidan noma. Mahaifinsa Manu mutum ne mai son tsari har abin ya yi yawa. Idan an girbe gero an ɗaure, sai an jera masa damman layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, kafin a sa a rumbu, don ya ƙirga da ido daga inda yake kishingiɗe. Aikin jerawar na Mas'udu ne, kuma a nan ya gamu da abin da ya hana shi sakat har girma. Dami goma sha biyu suna jeruwa yadda kake so, uku-uku ko huɗu-huɗu ko shida-shida. Goma sha uku kuwa, ka yini kana juya su, sai an sami layin da bai cika ba. Sha bakwai haka, sha tara haka, ashirin da uku haka. Manu yakan gaji ya ce a zare ɗaya a ba akuya kowa ya huta. Mas'udu ba ya hutawa. Yana jin haushin waɗannan lambobi da ba sa rabuwa, yana kuma son su, har ya raɗa musu suna gagararru. Da ya shiga makaranta ya ji sunan da Turawa suke kiransu da shi, bai burge shi ba, ya ci gaba da nasa.

Ya yi karatun koyarwa ya dawo gida. Da safe yana koyar da lissafi a firamare, da yamma yana gonar da ya gada gabas da gari, mai tsamiya biyu a tsakiya. Ɗalibansa sun san lagonsa: a tambaye shi gagararru, shi ke nan an huta da rubutu har a buga ƙararrawa. Ya san su gida-gida, yadda tsohuwa ta san dangin gari. Akwai tagwaye, waɗanda lamba ɗaya ce kawai a tsakaninsu, kamar sha ɗaya da sha uku, ko ashirin da tara da talatin da ɗaya. Akwai masu karantuwa gaba da baya, kamar 131. Akwai waɗanda in ka raba su huɗu-huɗu ɗaya ke saura, su kullum ana iya haɗa su daga lambobi biyu da aka ninka kowace da kanta, kamar sha uku, wadda biyu sau biyu ce da uku sau uku. Waɗanda uku ke saura kuwa, ko za a mutu ba sa haɗuwa haka.

Amma gidan da ya fi so shi ne na 'ya'yan biyu. Ka ɗauki biyu ka yi ta ninkawa, sannan ka cire ɗaya: uku, bakwai, talatin da ɗaya, ɗari da ashirin da bakwai, duk gagararru ne. Sai dai ba kowace 'yar gidan ce ke da halin gidan ba. Yakan rubuta 2047 a allo, wadda biyu ce sau goma sha ɗaya aka ninka da juna aka cire ɗaya, ya ja da baya yana harararta.

“Ku dube ta da kyau,” yakan ce. “Kama ta gagararru, tahiya ta gagararru. Amma ashirin da ukku sau tamanin da tara ta. Munahuka!”

Da an bar shi, da haka zai tsufa, tsakanin allo da gona. Ba a bar shi ba. A shekarar da rashin tsaro ya yi tsanani a yankinsu, ya yi shuka, ruwa ya yi kyau, gero ya yi kai har ya fara nuna, sai aka ce kada wanda ya sake ya nufi gonakin gabas. Ba da shi aka yi faɗa ba, babu kuma wanda zai je ya roƙa. Kullum da yamma sai ya je bakin gari ya tsaya inda ake hango kan tsamiyoyin, ya dawo, ya sake komawa. Geron ya bushe a tsaye. Kafin wata damina ya kwashe Luba da 'ya'yansu mata biyu zuwa Tsafe, daga can zuwa Gusau, suka kama ciki da falo a Sabon Gari. Abin ya ci shi ƙwarai, kuma bai iya maganarsa ba. In aka ambaci gona a majalisa sai ya tuna yana da wani uzuri.

A Gusau ya sami aiki a wani shagon buga takardu. A nan ne, wata rana da babu ciniki, ya ci karo a intanet da wasu mutane daga ƙasashe daban-daban da suka haɗu suna farautar gagararru na gidan 'ya'yan biyu. A lokacin, hamsin da ɗaya kacal aka sani a duk duniya. Tsarinsu kuwa mai sauƙi ne. Kowa ya rubuta sunansa, a ba shi lamba guda tasa shi kaɗai, ya sa kwamfutarsa ta gwada ta. Muddin kana aiki kana leƙowa lokaci-lokaci ka nuna inda ka kai, ba mai taɓa maka ita. In aka ji ka shiru ya yi yawa, sai a karɓe a ba wani. Mai shagon yana da wata tsohuwar kwamfutar cinya da batirinta ba ya kai rubu'in awa, ya ce Mas'udu ya ɗauka ya rage masa tarkace. Ranar ya rubuta sunansa har da sunan garinsu, aka ba shi lamba.

Lambar ba ta faɗuwa da baki. Biyu ce aka ninka da kanta fiye da sau miliyan ɗari, aka cire ɗaya. Alƙalumanta sun haura miliyan talatin. Mas'udu ya lissafa cewa in aka rubuta ta da hannu a layi ɗaya, za ta tashi daga Gusau ta ratsa Tsafe ta wuce Funtuwa ba ta ƙare ba. Bai taɓa ganinta gaba ɗaya ba, amma ya san halayenta. Ya san da bakwai take ƙarewa. Ya san in an raba ta huɗu-huɗu uku ke saura, kamar duk 'yan gidansu. Ya san ko ta tabbata gagararriya ba ta da abokiyar tagwaitaka, don maƙwabciyarta ta ƙasa da biyar take ƙarewa, ta sama kuma uku na raba ta. Wannan na ƙarshen yakan faɗe shi da wani irin tausayi.

Gwajin shi ma ba wuya gare shi ba, tsawo gare shi. A fara da huɗu, a ninka ta da kanta, a cire biyu, in abin ya zarce lambar a raba da ita a riƙe saura, a sake. Haka za a yi ta yi fiye da sau miliyan ɗari. In aka ƙare a kan sifiri, gagararriya ce, sunanka ya shiga tarihi. In aka ƙare a kan wani abu daban, tana rabuwa. Kwamfutar ta ce in an bar ta a kunne dare da rana za ta gama cikin wata huɗu da 'yan kai.

Dare da rana, a Gusau! Duk wanda ya zauna Sabon Gari ya san wutar lantarki baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. A shago ana tayar da janareta ne kawai in akwai aiki. Wata na farko ya wuce, kwamfutar ba ta ci ko kashi biyar cikin ɗari ba. Abin da ya cece shi shi ne tana ajiye inda ta tsaya, in wuta ta dawo ta ɗora daga nan. Saboda haka Mas'udu ya yanke shawarar da ta dace da halinsa: tun da wuta ba ta zuwa wurinsa, shi zai riƙa bin ta.

Ya sa kwamfutar a jaka ya shiga gari. Ya san wace unguwa ake ba wuta da hantsi, wace ake ba bayan la'asar. Ya san mai aski mai janareta, ya san mai sayar da ƙanƙara. Juma'a da yamma in ya tashi aiki sai ya shiga mota zuwa Bunguɗu, inda yayan Luba, Alhaji Dalhatu, yake da injin casar shinkafa da ke yini yana aiki. A can yake ɗora ta kan bulo biyu a ɗakin ajiya don ta sha iska, ya yi ta hure mata ƙaiƙayi. Wani makon kuma Tsafe, wurin abokin karatunsa Lukuman, mai shagon cajin waya a tasha, wanda ya kafa faifan hasken rana a rufin kwano. Lukuman ne ya fara cewa Malam ya zo kiwo, sunan kuwa ya bi shi. In an tambayi Luba ina maigidan, ita ma sai ta ce ya fita kiwo, bai faɗi wane daji ba.

Dariya take yi, amma abin yana damunta. Takalminsa ya cinye, ya rame, in yana magana da ita idonsa na kan ƙwan lantarki ko zai kawo. Wata ranar Asabar da safe ta tare ƙofa yana rataye da jaka.

“Malam, don Allah tsaya. In anka gane ba ta rabuwa, mi za a yi da ita? Ci aka yi ko sha?”

“Ba a komi da ita. Sani dai za a yi.”

“In kuwa tana rabuwa hwa?”

“Shi ma sani na. Kuma shi ya hi yiwuwa, Luba, ban ɓoye miki. Cikin dubban ɗaruruwa da kyar a samu guda.”

“To ka bar musu abinsu mana! Su da ke da wuta.”

Ya gyara igiyar jakar a kafaɗa, bai dube ta ba. “Ni anka ba. Sunana ad bisanta. In na yi shiru amshe ta za a yi a ba wani, ni kuwa ban iya ganin an sake amshe man abin da nif fara.”

Luba ta matsa ta ba shi hanya. Ta san ba zancen lamba kaɗai yake yi ba, kuma daga ranar ba ta ƙara cewa ya bari ba, sai dai ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda ta jefa a jakar.

Wata huɗu ya zama shekara, shekara ta ɗora. Wa'adin da aka ɗibar masa tun farko ya wuce tuni, ana ƙyale shi ne kawai don yana leƙowa kuma ana ganin aikin yana motsi. Ya san da haka sarai, shi ya sa ba ya wasa da leƙowar. Amma a daminar 2021 ya yi sakaci. Aiki ya yi yawa a shago, wayarsa da yake haɗa kwamfutar da intanet da ita ta faɗa ruwa aka kai gyara, ya yi makonni bai aika da labari ba. Ya karɓo wayar ran Alhamis, ya ce bari Asabar ta yi, yana Bunguɗu ya aika a natse. Kafin Asabar aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda tsaro.

An ce na mako biyu ne, Mas'udu ya yarda. Nan ne kuskurensa na biyu, kuma ba shi kaɗai ya yi shi ba, rabin Gusau sun yarda. Kwamfutar ba ta bukatar layi don ta yi lissafi, wuta kawai take so, amma wutar ma ta ƙara wuya, don an hana sayar da mai a jarka, masu janareta suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mai aski ya koma almakashi, mai ƙanƙara ya kulle shago. Saura faifan Lukuman, shi kuma babu mai kawo caji tun da waya ta zama abin duba lokaci. Mas'udu ya tare a Tsafe kusan kullum, yana zagaya shagon, yana ɗaga waya sama ko Allah zai sa sandar layi ko ɗaya ta fito. Mako biyu suka cika ba a buɗe ba. Tsoro ya shige shi sosai, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

“Mutane Huntuwa suka zuwa su yi waya,” in ji Lukuman, da ya gaji da ganinsa yana safa da marwa. “Ga mota can tana lodi. Ka tahi ka aika ka dawo, ka bar ni in ji da raina.”

Ya shiga. Motar cike take da masu irin bukatarsa: mai son ya ji ko kayansa sun taso daga Kano, mai son ta gaya wa ɗanta an yi rasuwa, kowa da takardar lambobin maƙwabta da saƙon da aka ba shi. A wani shingen bincike aka sauke su, jami'i ya ga kwamfuta a jaka ya ɗaure fuska, ya ce a kunna. Fuskar kwamfutar ta cika da layukan lambobi suna hawa. Ya tambaya mene ne wannan, wa ake aika wa. Mas'udu, wanda ya yi shekara yana neman mai tambayarsa, ya gyara tsayuwa ya fara daga dami goma sha uku. Bai kai ga tagwaye ba jami'in ya ce ya rufe ya shiga mota, Allah ya ba shi lafiya.

A Funtuwa suka tarar can ma an rufe. Wasu suka juya suna Allah ya isa, Mas'udu ya bi waɗanda suka zarce Zariya. Tun kafin su shiga gari wayoyi suka fara ƙara a aljihu, motar ta kaure da sallama da kuka da “kana ji na?” Suna sauka ya nufi wani mai shayi da ya ga ƙwan lantarkinsa a kunne, ya roƙi soket, ya haɗa kwamfutar da waya.

Saƙon gajere ne, babu zagi babu ban haƙuri. An ji shi shiru, wa'adi ya cika, an ba wani. Wanin kuma, mai wani suna da ba a gane ko na mutum ne ko na kamfani, babu gari babu ƙasa, yana da babban inji, ya gama cikin 'yan kwanaki. Bai ƙare a kan sifiri ba. Lambar tana rabuwa.

Mas'udu ya duba tasa kwamfutar. Ta kai kashi tamanin da takwas.

Ya zauna a bencin mai shayin. Mutane suna kai da kawo suna ihu a waya, shi yana zaune. Mai shayi ya tambaye shi ko rasuwa aka yi masa, ya ce a'a. Ba rashin gagarar lambar ce ta karya masa zuciya ba, wannan ya daɗe da shirya masa. Abin da ya yi masa ciwo shi ne yadda aka yi: yana tsakiyar aiki, bai yi wa kowa laifi ba, aka ce ba tasa ba ce kuma, kuma babu ofishin da zai je, babu dattijon da zai kai wa kuka. Ya ji haushin mai babban injin, sannan ya ji haushin kansa da ya jira Asabar. Har aka kira la'asar bai motsa ba.

Da ya dawo daga masallaci zai naɗe waya, sai ya lura da wani ɗan layi a ƙasan shafin, wanda baƙin ciki ya hana shi gani da farko. Ba a rufe maganar lamba da faɗar inji ɗaya, komai girmansa, don inji yana kuskure. Sai wani daban ya yi gwajin tun daga huɗu har ƙarshe, an ga abin da ya rage masa ya yi daidai da na farkon. An rubuta wutsiyar abin da ya rage wa mutumin, haruffa da alƙaluma goma sha shida, an rufe biyun ƙarshe don kada wani ya kwafa. Lambar tana jiran mai shaida na biyu, kuma babu wanda ya karɓi aikin. Mas'udu ya karɓa. Ya ɗauki hoton sha huɗun da ake gani, ya nemi motar gida.

Lukuman da ya ji labari ya riƙe baki. “An riga an ce ba ita ta ba, kuma ka ci gaba? Malam, wanga kiwon gawa na.”

“Jona man dai,” in ji Mas'udu.

Wannan zangon ya fi na baya wuya. A da yana yawo da ɗan buri a aljihu, ko ƙanƙane ne. Yanzu ya san amsar, sai wata fargaba sabuwa ta maye gurbin burin. Kwamfutar nan ta sha zafin Gusau, ta sha ƙaiƙayin Bunguɗu, wuta ta ɗauke mata ba adadi, ta taɓa faɗowa daga kan bulo. In ta yi tuntuɓe sau ɗaya tak a cikin matakai miliyan ɗari, duk abin da ya biyo baya shirme ne, kuma ba za a sani ba sai ranar ƙarshe. In nasa bai yi daidai da na mutumin ba, sai a kira na uku, shi kuwa ya san wa za a fi zargi. Ya ƙara ramewa. Yakan tashi tsakiyar cin abinci ya je ya taɓa ta ya ji ko ta yi zafi.

Aka buɗe layi a Gusau, daga baya aka buɗe sauran wurare. Sabuwar shinkafa ta shigo, injin Alhaji Dalhatu ya koma yini yana ruri, Mas'udu ya roƙi hutu a shago ya tare a Bunguɗu. Luba ta ce ita ma ta daɗe ba ta ga dangi ba, ta biyo shi da yara. Ran wata Talata da hantsi yana tsaye a ɗakin ajiya, layukan suka daina hawa. Ya fito da gudu ya aika a kira ta daga cikin gida, don ya ce shi idonsa ba zai iya duba wuri biyu ba.

Ta zo tana goge hannu da gefen zane. Ya ba ta wayar da hoton, shi ya tsuguna gaban kwamfutar.

“Ki karanta ɗaya-ɗaya. Kada ki yi sauri.”

“Kai ka cewa kada a yi sauri?” in ji ta. Amma ta ga fuskarsa, ta bar wasan. “Bakwai.”

“Bakwai.”

“Sihiri.”

“Sihiri.”

Ƙarar injin ta sa sai sun ɗaga murya. Tana faɗa yana amsawa, yatsansa na bin fuskar kwamfutar, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wajen na tara ta tsaya ta ƙanƙance ido don hoton ya ɗan dushe, can ta ce uku ne, ya ce uku. Suka kai sha huɗu babu saɓani. Saura biyun da aka rufe. Ya karɓi wayar ya haɗa, ya aika da nasa, suka tsaya suna kallon abin yana juyawa, don layin Bunguɗu ba ya gaggawa don kowa. Can shafin ya buɗe. An tabbatar. Ƙarƙashin lambar sunaye biyu ne, na mai babban injin a sama, na Mas'udu 'Yankuzo a ƙasa.

Luba ta duba shafin, ta duba shi. “To, mi munka samu?”

“Tana rabuwa.”

“Da mi?”

“Ba wanda ya sani. Gwajin bai hwaɗin haka. Ya dai ce akwai mai raba ta.”

“Shekara da watanni, Malam, takalmi biyu, don a ce ba ita ta ba?”

“Wancan ya ce, ni na shaida. Yanzu an gama da ita, ba mai sake taɓa ta.” Ya goge fuska da hular. Da ya sake magana muryarsa ta sauya, har sai da ta matso don ta ji. “Geron nan, Luba, ina kallo ya bushe. Kullum shina raina, ko barci nika yi. Wagga ma an amshe ta. Amma ita na kai ta ƙarshe, ko kuskure guda babu.”

Hawaye ne suka zubo masa, a gaban buhunan shinkafa, bai kuma ɓoye su ba. Luba tana da sauran tsokana da ta tanada tun daga Gusau, ta haɗiye abinta. Ta tsuguna kusa da shi, ita ma idonta ya kawo ruwa, don tun da suka baro gida yau ne ya fara ambatar gonar da bakinsa.

Suna nan Alhaji Dalhatu ya leƙo, fari fat da ƙurar casa, yana riƙe da wayar ƙaramin injin ɗinke buhu. Ya ce in Malam bai damu ba yana son soket ɗin na ɗan lokaci, in kuwa abin nasa bai son a taɓa, sai ya jira.

“Cire ta, Alhaji,” in ji Mas'udu. “Ta gama.”